Madannai ko linzami: a kan wanne zan ɗora yaran shagona?

Ɗan Badariya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a nan Birnin Kebbi, kuma mafi yawan aikinmu daga ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru yake zuwa, da na jami'ar tarayya da ke wajen Kalgo, musamman a ƙarshen zango lokacin da kowa ke neman a kammala masa kundin bincikensa. Bugun farko ba shi ke cin lokacinmu ba. Gyara ne ke cinsa, domin ɗalibi zai kai wa malamin da ke duba shi, ya dawo da takardu sun sha jan biro, a nan an ce a cire kalma, a can an ce sakin layi na uku ya koma na farko, sannan bayan mako guda ya sake dawowa da wani sabon gyaran.

Yara biyu ke yi mini aiki a kan kwamfuta, kuma tun farkon damina suke jayayya a kan abu guda. Babban ba ya sakin linzami, wato abin da muke kira mawus a shago: da shi yake kai tsinken rubutu, ɗan layin nan mai ƙiftawa a allo, inda za a yi gyara, da shi yake ja ya kama abin da za a cire, har kwafa da liƙawa ma sai ya danna ɓangaren dama ya zaɓa daga jerin da ya fito. Ƙaramin kuwa wani ya koya masa haɗa Ctrl da Shift da kibiyoyi, ya kuma ɗauki abin da zafi, har yana ganin taɓa linzami gazawa ce. Idan na tsaya a bayansu, ƙaramin ne ya fi kama da mai sauri saboda ƙarar madannansa, wato kibod, ba ta yankewa, amma idan yamma ta yi na ƙirga shafukan da kowa ya gama, ba na ganin tazarar da ta kai yawan cika bakin.

Abin da ya faru ranar Laraba ne ya sa na kawo maganar nan. Babban yana jan linzami don ya kama sakin layi biyu da suka ƙetara zuwa shafi na gaba, da kibiyar linzamin ta taɓa ƙasan allo sai rubutun ya zura da gudu, kafin ya ɗaga yatsa ya riga ya kama babi guda da rabi, bai kuma lura ba ya danna wani harafi, duk abin ya ɓace a gaban mai kundin. Ctrl da Z ne suka fid da mu kunya, amma sai da yarinyar ta zauna a kan benci ta dafe kai. Tun ranar ƙaramin ya samu abin faɗa.

Wata mai zuwa zan karɓi wasu yara biyu su koyi aiki, kuma na san abin da hannu ya fara sabawa da shi yana da wuyar bari. Ina roƙon waɗanda suka san abin su faɗa mini: wajen yawo a cikin rubutu da kama abin da za a gyara, wanne ya fi sauri da gaske, kuma a kan wanne ya kamata in ɗora su?

Tsohon Akawu, Argungu

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ra'ayina a fili yake, kuma ba zan ɓoye cewa tsufa na da hannu a ciki ba. Na fara buga takardu da tafireta tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a yanke mana Kebbi a watan Agusta na 1991, kuma abin da aka fara koya mana shi ne mazaunin yatsu: na hagu a kan A, S, D, F, na dama daga J zuwa gaba, ido kuma a kan takardar da ake kwafa, ba a kan hannu ba. Ka shafa F da J na kwamfutar shagonka, za ka ji ɗan tudu a kan kowannensu, an sa shi ne domin manuniya ta gane gidanta ba tare da an duba ba. Duk lokacin da yaronka ya miƙa hannu ga linzami ya bar wannan gida ke nan, sai ya sake lalubo shi, idonsa kuma ya bar takardar malami mai jan biro, sai ya sake neman inda ya tsaya. Sau ɗaya ba komai ba ne, amma mai gyaran kundi yana yin haka ba adadi kafin a kira azahar.

Da kwamfuta ta iso ofishinmu, WordPerfect 5.1 muka samu, mai shuɗin allo, wanda ya fito a 1989. Yana karɓar linzami, amma mu ba a haɗa mana da shi ba, sai wata 'yar doguwar takarda da ake ɗorawa a kan maɓallan F mai nuna aikin kowanne. Idan za ka kama rubutu sai ka danna Alt da F4, ka bi da kibiya har inda kake so. Da aka koma Windows na sha wuyar wannan sabo, domin a can Alt da F4 rufe aikin gaba ɗaya suke yi, na fi wata guda ina rufe takardata da hannuna ina zargin na'ura.

Abin da zan ce ka koya wa sababbin yaran ba shi da yawa. Kibiya ita kaɗai harafi ɗaya take takawa, idan an haɗa ta da Ctrl sai ta tsallake kalma guda, kibiyar sama da ta ƙasa kuma tare da Ctrl sakin layi guda suke tsallakewa. Home da End suna kai mutum farkon layi da ƙarshensa, tare da Ctrl kuwa farkon kundin da ƙarshensa. Duk wanda ka ƙara wa Shift a cikin waɗannan, to zai kama abin da ya bi ta kansa. Ma'ana, Ctrl yana faɗaɗa taki, Shift yana kama abin da aka taka, kuma yaron da ya gane wannan ba ya bukatar haddace dogon jeri. Da babban yaronka ya riƙe Ctrl da Shift ya danna kibiyar ƙasa sau biyu, sakin layi biyu zai kama, babu ƙari babu ragi, kuma da yarinyar mutane ba ta dafe kai ba.

Akwai wasu guda biyu a cikin Word da na ga matasa ba su sani ba. F8 yana buɗe kamu: danna shi karo na biyu ya kama kalma, na uku jimla, na huɗu sakin layi, idan kuma ka danna shi sau ɗaya ka buga aya, zai kama tun daga inda kake har zuwa ayar da ke gaba, Esc kuma ya sake ka. Shift da F5 suna mayar da kai wuraren da ka yi gyara na baya-bayan nan, wanda ke da amfani idan ka leƙa babi na biyar don duba wani abu kana so ka koma inda ka baro. Ka ɗora su a kan madannai, linzami ba ya bukatar malami.

Malamar Kwamfuta, Gesse

Baba Akawu, Allah ya ƙara girma. Na ƙaru da bayaninka, har F8 da aya ban taɓa sani ba sai yau, amma ina neman izini in saɓa maka a wuri guda, domin wannan tambaya an auna ta da agogo tun kafin a haifi yawancinmu.

Linzami dai ba don wasa aka ƙirƙiro shi ba, don wannan aikin da muke magana a kai aka yi shi, wato nuna wuri a cikin rubutu. Douglas Engelbart ne ya zo da tunanin a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya a Amurka, abokin aikinsa Bill English ya haɗa na farko a 1964, ɗan akwatin katako mai ƙafafun gare biyu a ƙasa. Ranar 9 ga Disamba 1968 Engelbart ya nuna shi ga taron masana a San Francisco, kuma abin lura shi ne hannunsa na dama yana kan linzami, na hagu yana kan wata 'yar na'ura mai maɓallai biyar da yake ba da umarni da ita. Shi da ya ƙirƙiro abin bai ɗauke su kishiyoyi ba, hannu biyu ya sa aiki lokaci guda.

A 1978 Stuart Card da shi Bill English ɗin da wata abokiyar aikinsu a cibiyar Xerox ta Palo Alto suka gwada na'urori huɗu wajen zaɓen kalma a allo: linzami, da sandar tuƙi, da maɓallan kibiya, da maɓallan da ke tsallake kalma ko layi ko sakin layi. Linzami ne ya fi sauri, ya kuma fi ƙarancin kuskure. Dalilin yana cikin wata ƙa'ida da Paul Fitts ya fitar a 1954, cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya isa abin da ido ya gani ya danganta ne da nisan abin da girmansa, amma ninka nisa ba ya ninka lokaci, ɗan ƙari kawai yake yi. Kibiya ba haka take ba: layi ashirin ya fi layi goma tsada kusan ninki biyu.

Bayan shekara biyu, a 1980, Card da Thomas Moran da Allen Newell suka fitar da ƙiyasin da har yanzu ake koyarwa. A lissafinsu, ɗauke hannu daga madannai zuwa linzami ko mayar da shi yana cin daƙiƙa 0.4, kai kibiyar linzami wurin da ake nufi daƙiƙa 1.1, danna maɓalli ɗaya ga mai matsakaicin gwaninta daƙiƙa 0.2, ɗan tsayawar da mutum ke yi ya shirya abin da zai yi kuma daƙiƙa 1.35. Malam mai tambaya, ka haɗa da kanka: zuwa ga linzami, da nunawa, da dannawa, da komawa gida, daƙiƙa 2 ne da ɗan kai, wato kuɗin danna maɓalli kusan goma. Saboda haka idan gyaran yana kalma uku ko huɗu daga inda tsinke yake, Baba ya yi gaskiya, hasara ce a miƙa hannu. Idan kuwa yana layi goma sha biyar ƙasa, a tsakiyar layi, kuma ido ya riga ya gan shi, yaron da ke ta buga kibiya shi ne a baya, ko da ƙararsa ta cika shago.

Wannan ƙarar ita ce ta ja hankalina a cikin tambayarka. Bruce Tognazzini, wanda ya daɗe yana aikin tsara fuskar kwamfutocin Apple, ya rubuta a 1989 cewa a gwaje-gwajensu mutane kullum suna cewa madannai sun fi sauri, agogo kuma kullum yana nuna linzami ne. Bayaninsa shi ne mai madannai hankalinsa yana cikin zaɓen wane maɓalli zai danna, don haka ba ya jin wucewar lokacin, mai linzami kuwa aikin ba ya bukatar tunani, sai ya ji kamar ya daɗe. Ba na ɗaukar maganarsa a matsayin hukuncin ƙarshe, domin mutumin Apple ne yana kare abin da Apple ke sayarwa tun daga kwamfutarta Lisa ta 1983, amma ta yi daidai da abin da ka gani da idonka lokacin da ka ƙirga shafuka.

Game da ranar Laraba, ni ban ga laifin linzami ba, ja ne laifin. Ba a jan rubutu mai tsawo. Ana danna farkon wurin sau ɗaya, a sake shi, a gangara da ɗan garen tsakiya a natse har a ga ƙarshen, a riƙe Shift a danna can, duk abin da ke tsakani ya kamu. Danna biyu a jere yana kama kalma, uku yana kama sakin layi, a cikin Word kuma Ctrl tare da danna ɗaya yana kama jimla, dannawa a farin gefen hagu yana kama layi. Sannan a daina zuwa jerin ɓangaren dama don kwafa da liƙawa, hannun hagu yana zaune a banza kusa da Ctrl da X da C da V. Babban yaronka bai iya linzamin ba ne tukuna, duk da cewa shi yake riƙewa.

Ɗan Aliero

Malama, Allah ya saka da alheri. Ni rubuta manhaja nake yi, kuma a wajenmu wannan gardama ta fi ta shagon Malam zafi, don haka bari in kare ɓangarena kaɗan.

Gwajin 1978 ya gwada linzami da maɓallan da ke tafiya taki-taki, kuma babu mai musun cewa tafiya taki-taki a dogon zango wahala ce. Amma gwanin madannai ba tafiya yake yi ba, suna yake kira. Idan malami ya zagaye wata kalma a shafi na 47, ba sai an gangara ana lalube ba: Ctrl da F, a buga kalmar da wadda ke biye da ita, tsinke ya sauka a kai. Ctrl da G kuma yana kai mutum lambar shafin kai tsaye. Linzami yana iya nuna abin da ke kan allo ne kawai, abin da ke shafi talatin gaba sai an nemo shi tukuna, kuma lokacin neman ba ya cikin daƙiƙa 1.1 ɗin nan. Haka wani gwaji da Tognazzini ya bayar, na musanya wata alama da wani harafi a duk inda ta fito cikin sakin layi, inda linzami ya ɗauki kusan rabin lokacin kibiya: gaskiya ne, amma wanda ya san Ctrl da H, wato nema da musanyawa, ba zai yi shi da ɗayansu ba, sau ɗaya zai ba da umarni ya gama.

Manhajar rubutun da nake aiki da ita, Vim, jikar wata tsohuwar manhaja ce mai suna vi da Bill Joy ya rubuta a Berkeley a 1976, Bram Moolenaar kuma ya fitar da Vim ɗin a 1991 ya ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a 2023. A cikinta h, j, k, l ne ke motsa tsinke, saboda na'urar da Joy yake amfani da ita, ADM-3A, a kan waɗannan haruffa aka zana mata kibiyoyi. Abin da ya riƙe ni a cikinta shi ne umarninta kamar jimla yake, da aiki da abin da aka yi wa aikin: d na nufin cire, c canza, w kalma, don haka dw cire kalma ne, dap kuma cire sakin layin da kake ciki, aya kuma tana maimaita gyaran da ka yi na ƙarshe. Ba na ba Malam shawarar ya kai wannan shagonsa, kundin ɗalibai a Word ake yinsa, kuma na fi wata biyu ina tuntuɓe kafin hannuna ya faɗa. Adalci kuma ya sa in faɗa cewa ba dukan manyan sana'ar ke tare da mu ba: Rob Pike, wanda ya yi aiki a Bell Labs, da gangan ya gina manhajojin rubutunsa, sam da acme, a kan linzami mai maɓalli uku.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu rubuta Hausa, wanda waɗancan masana ba su gwada ba, wato alhamza. Manhajoji da yawa suna ɗaukarta ƙarshen kalma. A VS Code idan ka danna ma'aikata sau biyu, rabi za ka kama, ko ma ko aikata, sai ka shiga saiti ka cire alhamza daga jerin alamomin da ke raba kalmomi. A Vim ƙaramin w yana tsayawa a kanta, babban W ne ke tsallake kalmar duka. Word yana haɗa ta tsakiyar kalma, amma ta farkon 'ya'ya ko 'yanci yakan bar ta a waje, ya kuma juya fuskarta ta koma alamar buɗe zance. Nema ma yana da nasa tarko, domin k da ƙ haruffa biyu ne daban a wurin kwamfuta, wanda ya nemi kasa ba zai samu ƙasa ba. Idan ɗaliban sashen Hausa suna kawo maka aiki, Malam, ka sa yaran su riƙa duba gefen abin da suka kama kafin su danna komai, ko da wanne suka kama shi.

Uwargida, Jega

Ni ina koyar da yara masu shirin jarrabawar shiga jami'a ne, kuma abin da zan ƙara bai shafi daƙiƙa ba. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, danna biyu a jere yana ba shi wuya ƙwarai, hannunsa yana motsawa tsakanin na farko da na biyu, maimakon ya kama kalma sai ya ja ta ya jefar a wani wuri bai sani ba. JAMB ma da ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, daga baya ta ba da damar amsawa da maɓallai kawai: A zuwa D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya. Don haka kada a ce linzami ba ya bukatar malami, Baba, yana bukata, sai dai karatunsa gajere ne.

Sai kuma halin kayan aikinmu. Ƙurar hunturu ta gama da linzamai masu ƙwallo a ciki tun da daɗewa, masu jan haske na yanzu kuma ba sa son tebur mai sheƙi ko gilashi, kibiya ta riƙa tsalle, kwali ko tsohon littafi a ƙarƙashi yana magance wannan. Idan wuta ta ɗauke aka koma kan laftof, wurin shafa yatsan nan ba linzami ba ne, kama rubutu da shi azaba ce, kuma tafin hannu yana taɓa shi ana cikin bugu tsinke ya yi hijira zuwa wani layi. A wannan hali Shift da kibiya sun fi komai. Ni kaina da wuyan hannuna na dama ya fara ciwo, rage jan linzami da matso da shi kusa da madannai ne suka ba ni sauƙi, domin ɓangaren lambobi da ke dama yana tura shi nesa, kafaɗa ta wuni a buɗe.

Tsohon Akawu, Argungu

'Yata Malama, na karɓi lissafinki, agogo ba ya son kai. Sai dai waɗanda aka gwada a can allo kawai suke kallo, abin da za su nuna yana gabansu. Yaron shago ido biyu gare shi, wurin kallo uku: takarda, da allo, da hannu idan bai ƙware ba. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya samu linzami tun ranar farko ya ji daɗinsa, ya shekara biyar yana buga rubutu da yatsa biyu. Na yarda a koya musu Shift da dannawa, wannan dabara ce mai kyau, jikata ta gwada mini ita ɗazu na gani. Amma a ɓoye linzamin a aljihun tebur mako biyun farko.

Ɗan Badariya, Birnin Kebbi

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Jiya da aiki ya yi sauƙi na ɗauko wani tsohon babi da gyaransa, na kwafa wa kowannensu, na ce kowa ya yi yadda ya saba, ni kuma na zauna da agogon waya. A shafukan da gyaran ya yi yawa, harafi nan waƙafi can duk a layi ɗaya, ƙaramin ya wuce babban da tazara mai kyau. A shafukan da jan biron ya warwatsu, ɗaya a sama ɗaya can ƙasa, babban ya kamo shi, domin ƙaramin yana riƙe kibiyar ƙasa har ya zarce wurin sannan ya dawo. Da na faɗa masa haka bai yarda ba sai da na nuna masa agogon, abin da ya tuna mini maganar mutumin Apple da Malama ta kawo.

Abin da ban zata ba shi ne duk su biyun ba a wurin kamu suka fi ɓata lokaci ba, a wurin neman inda gyaran yake ne, suna gangarawa suna karanta allo suna komawa takarda. Babu wanda ya taɓa Ctrl da F ko Ctrl da G a cikinsu. Na nuna musu yadda Ɗan Aliero ya ce, muka sake wani babin, nan ne na ga bambancin da ya fi na jayayyarsu. Mun ci karo da tarkon da ya faɗa kuwa, domin ɗalibin ya buga wasu kalmomin da ƙ wasu da k da alhamza a gaba, sai da muka daidaita su da Ctrl da H kafin nema ya yi aiki.

Sababbin yaran zan bi shawarar Baba in ajiye linzami mako biyu, su koyi mazaunin yatsu da Ctrl da Shift da nema, sannan in fito da shi in koya musu dannawa da Shift, in kuma hana ja. Na rubuta maɓallan a kwali na manna a bango. Saura abu ɗaya da ya gagare mu jiya: jadawalin alƙaluma a babi na huɗu, inda ake so a kama ginshiƙi guda daga sama zuwa ƙasa, alhali ɗalibin da tazara ya jera lambobin, ba a cikin gidajen jadawali ba. Babban ya ce an taɓa nuna masa riƙe Alt ana jan linzami, mun gwada ya yi. Baba Akawu, akwai yadda ake yin wannan da madannai kaɗai?